Rumbu da 'Ya'yansa

Shekarar da masaƙar Kakuri ta sa kwaɗo,
Tanimu Jatau ya fito da sukundireba uku a aljihu
da kuɗin sallama da ba su kai na akuya biyu ba.
Ya ce wa Bityong, abokinsa na ɗakin rini:
"Zare ya ƙare. Mu koma ajiyar abin da ido ba ya gani."

Suka kama shago a bayan tasha,
ƙofar langa-langa, benci ɗaya, fanka mai tari.
Mai fenti ya rubuta RUMBU DA 'YA'YANSA,
alhali ko zance babu mai zuwa a cikinsu.
Ni ce Kande, mai biro da littafin ciniki.

Da fulofi muka fara,
baƙi, shafal, mai kusurwa huɗu.
Ɗalibai kan zo da aikin shekara huɗu a cikinsa,
suna riƙe shi kamar ƙwai a kasuwa.
Sai sidi ya iso yana ƙyalli,
katan tara na fulofi suka kwana, suka tashi, suka tsufa.
Biyu na nan har yau ƙarƙashin ƙafar teburina.

Arziki ya zo a gwanjo, daga Legas:
manyan faya-fayan cikin kwamfuta, masu nauyin dutsen guga.
Tanimu kan kara su a kunne kamar mai jin cikin mara lafiya.
"Wannan yana ƙas-ƙas, a kwashe kayansa kafin la'asar."
Bityong ya zana musu gida na gorar ruwa,
maƙeran Panteka suka buga,
muka manna sunanmu a gefe.
Mun kai mu goma sha bakwai masu cin albashi,
har da Gambo direba, wanda bai taɓa kunna na'ura ba
amma ya fi kowa iya tallarta.

Wata damina ruwa ya shiga sito har gwiwa.
Muka shanya hajar mutane a kan kwano kamar kuɓewa.
Rabi ya tashi. Rabi muka biya.

Ba ruwan ne ya raba su ba, filash ne.
Bityong ya ce a saro dubu.
Tanimu ya juya shi a tafin hannu, ya ce
abin da bai kai ɗan yatsa ba ba ya riƙe amana.
Aka raba benci, aka raba janareta,
Bityong ya haura Sabon Tasha da yara shida.
Shekara bakwai ko gaisuwa sai ta bakina.

Daga baya ma yara suka ce a gajimare suke ajiya.
Tanimu ya leƙa waje, ya dubi sama,
ya dawo ya zauna.

Bara wata tsohuwa ta zo daga Rigasa
da faifai naɗe a ɗankwali, mai ɗauke da tambarinmu.
Muryar mijinta ce a ciki, yana lissafa bashin da ake binsa,
yana dariya a tsakani.
Ba lissafin take so ba.
Hannun Tanimu na rawa yanzu, ba ya kama ƙaramin noti.
Ya daɗe yana kallon wayata, sannan ya ce, "Kira shi."

Bityong ya zo da tabarau biyu.
Ɗaya ya saurara, ɗaya ya kwance,
har aka kira isha'i.
Da mamacin ya yi gyaran murya a lasifika,
tsohuwar ta ce, "Lale."

Kamfanin da ya adana tunanin rabin gari,
na'urarsa ta ƙone tun wata dawowar wuta.
Tarihinsa na cikin littafin nan nawa mai bangon kwali,
gara ta ci shafi na sha ɗaya,
sauran kuma ni kaɗai ke iya karanta hannuna.